Rukunonin Kalmomi a Nahawun Turanci: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke wannan shafi su ne ɗalibai suka yi ta maimaita mini a shekarun da na yi ina koyar da Turanci a babbar sakandare da darasin yamma na masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Wasu kuma daga iyaye suka fito, masu son taya 'ya'yansu aikin gida. Da gangan na riƙa gwama kowace amsa da Hausa, domin na lura yawancin tuntuɓen da muke yi a Turanci, a daidai mararrabar da Hausa ta bi wata hanya Turanci ya bi wata muke yin sa.

Me ake nufi da *parts of speech*, kuma guda nawa ne?

Su ne abin da malamin Hausa ke kira azuzuwan kalmomi ko rukunonin kalmomi, wato kasa kalmomin harshe gida-gida gwargwadon aikin da kowace ke yi a cikin jimla. A al'adar koyar da Turanci guda takwas ake lissafawa. Akwai *noun*, wato suna, da *pronoun*, wakilin suna, da *verb*, aikatau, da *adjective*, sifa, da *adverb*, bayanau, da *conjunction*, mahaɗi, da *interjection*, kalmar motsin rai irin su kai, kash, wayyo. Na takwas shi ne *preposition*, ƙananan kalmomin nan da ke shiga gaban suna su nuna wuri ko lokaci ko dangantaka, kamar yadda a, daga, zuwa da cikin suke yi a Hausa.

Kalmar motsin rai ba ta da wata wahala. *Oh*, *wow*, *ouch*, a gefe suke tsayawa, ba sa shiga ginin jimla, don haka ba zan sake komawa kansu ba.

Wani littafi ya ce takwas, wani ya ce tara. Wanne ne daidai?

Duka biyun suna da hujja. Lissafin takwas gado ne daga Girkawa: littafin nahawun da ake dangantawa ga Diyonisiyus Tiraks, wanda ya rayu wajen ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, rukunoni takwas ya kawo. Malaman Latin irin su Donatus a ƙarni na 4 suka riƙe adadin, amma da yake Latin ba shi da kalmomi irin *a* da *the*, sai suka sa motsin rai a gurbinsu. Da aka zo rubuta nahawun Turanci na farko, wanda William Bullokar ya fitar a 1586, a kan awon Latin aka ɗinka shi. A 1762 Robert Lowth ya lissafa tara, domin ya ba *a* da *the* gidansu na kansu.

Masana na yanzu sun faɗaɗa wannan gida na tara, suna kiran sa *determiner*, mafayyaci ke nan, suka zuba *this, that, my, some, each, many* a ciki. Tsofaffin littattafai sifa suke ɗaukar waɗannan kalmomi. Ni dai na fi gamsuwa da tara, don *the* da *tall* ba aiki ɗaya suke yi ba: ana cewa *very tall*, ba a taɓa cewa *very the*. Amma in an tambaye ka a jarrabawar makaranta, bi lissafin littafin da malaminku yake koyarwa da shi.

A makarantar Islamiyya an koya mana cewa kalma kashi uku ce. Ina sauran suka fito?

Gaskiya ne, duk wanda ya karanta Ajuruma, littafin nahawun Larabci, ya san zance ya kasu uku: isimi da fi'ili da harafi. Ba wasu sababbin kalmomi Turanci ya ƙirƙiro ba, rabon ne ya bambanta. Abin da Balarabe ya tara a ƙarƙashin isimi, Bature ya warwatsa shi zuwa suna da wakilin suna da sifa da wani ɓangare na bayanau. Harafi kuma aka raba shi, haruffan jarri suka zama *preposition*, haruffan aɗafi suka zama *conjunction*. Fi'ili ya zauna a matsayin *verb*.

Wanda ya yi wannan karatu yana da wani jari da bai san yana da shi ba. Ka tuna yadda ake gane isimi a can: da alamomi, irin su tanwini da shigar alif da lam da zuwan harafin jarri a gabansa. Fi'ili kuma da ƙad da sin da saufa. Wannan dabara ta gane kalma da alamarta ita ce ainihin abin da nake roƙon ɗalibai su ɗauko su kawo ajin Turanci, kamar yadda amsa ta gaba za ta nuna.

Na haddace ma'anar kowane rukuni, amma in an ba ni jimla sai in rikice. Ina matsalar take?

Matsalar tana cikin ma'anonin da muka rera tun firamare. An ce mana suna shi ne sunan mutum ko dabba ko wuri ko abu, aikatau kuma kalmar aiki ce. To *arrival* fa? Isowa ai aiki ce, amma kalmar suna ce. *Know* da *seem* da *belong* kuma babu wani aiki da ake gani a cikinsu, amma aikatau ne cikakku. Haddar tana kai yaro bakin ƙofa, ba ta shigar da shi ɗaki.

Wata rana na rubuta jimloli biyu a allo: *The water is cold* da *They water the onions every morning*. Na tambayi aji rukunin *water*. Duk suka amsa da murya ɗaya cewa suna ne. Sai wata yarinya a layin baya, wadda mahaifinta ke noman rani, ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Malam, ta biyun ai ban ruwa suke yi." Ita kaɗai ta dubi abin da kalmar ke yi a wurin da take zaune, sauran kuwa kamanninta suka duba. Tun daga ranar da wannan misali nake buɗe darasin.

Ga alamomin da za ka gwada. In kalma ta karɓi *the* ko *my* a gabanta, ko ta yi jam'i, suna ce. In ta zauna lafiya bayan *will* ko *can*, ko ta sauya don nuna lokacin da ya wuce, aikatau ce. In ta shiga tsakanin *the* da suna, kuma mafi yawa ta karɓi *very*, sifa ce. In tana amsa yaya, yaushe ko a ina aka yi aikin, bayanau ce. Kada ka tambayi kalma ita kaɗai, tambayi maƙwabtanta.

Ashe kalma ɗaya tana iya zama a rukuni fiye da ɗaya?

Ƙwarai kuwa, kuma Turanci ya yi fice a wannan. Hausa in za ta mai da suna aikatau takan sauya masa riga: tsoro ya koma tsorata, gaggawa ta koma gaggauta. Turanci sau da yawa ba ya sauya komai. Dubi *round*: sifa ce a *a round table*, suna a *the first round*, aikatau a *the lorry rounded the bend*, bayanau a *she turned round*, sannan *preposition* a *they sat round the fire*. Kalma ɗaya, gida biyar.

Wasu kalmomin da murya ake rarrabe su. *Record, present, export, object*: in an danna gaɓar farko suna ne, in an danna ta biyu aikatau ne, kuma wannan yana fitowa a ɓangaren furuci na WAEC. Bahaushe bai kamata ya ji baƙuncin wannan ba, tunda mu ma da karin sauti muke bambanta baba mahaifi da baba na rini. Wasu kuma harafi ɗaya ne tsakaninsu: *advice* suna, *advise* aikatau, haka *practice* da *practise* a rubutun Ingila da muke bi. Ƙarshen kalma ma yana taimakawa, don *-tion, -ment, -ness, -ity* galibi suna ne, *-ous, -ful, -able* sifa, *-ify* kuma aikatau.

Me ya sa ake soke mini *advices* da *informations* da *furnitures*?

Saboda Turanci ya kasa suna kashi biyu, wanda ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa, kuma inda ya ja layinsa ba nan Hausa ta ja nata ba. Mu muna da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, kaya da kayayyaki, sai hannu ya ƙara *s* da kansa. A Turanci *advice, information, furniture, equipment, luggage, homework* duk kamar ruwa ko yashi ake kallonsu, ba sa jam'i, ba sa karɓar *a*. In kana son guda ɗaya sai ka ce *a piece of advice*. *News* kuma, duk da *s* ɗin da ke wutsiyarta, tilo ce: *the news is good*. Da waɗannan sunaye *much* ake amfani, *many* na waɗanda ake ƙirgawa ne.

Yaushe ake sa *a*, yaushe ake sa *the*?

Hausa tana da abin da ya yi kusa da wannan. Ka ce: na ga wani yaro a bakin kasuwa, yaron yana kuka. Da farko baƙo ne ga mai saurare, shi ya sa ka ce wani yaro. A karo na biyu an san shi, ya zama yaron. Haka Turanci yake: *I saw a boy. The boy was crying.* Bambancin shi ne Hausa tana barin suna tsirara, ka ce na sayi littafi, shi ke nan. Turanci ba ya yarda suna tilo mai ƙirguwa ya fita haka, dole *I bought a book*.

Ana kuma sa *the* ga abin da babu na biyunsa, kamar *the sun*, da wanda ya fi kowa, kamar *the tallest boy*. Ba a sa ta in ana magana a dunƙule: *education is important*, ba *the education* ba. Tsakanin *a* da *an* kuwa kunne ne alƙali, ba ido ba: *an hour, an honest man*, amma *a university, a uniform*. Sunayen da ba sa karɓar *a* sam, an yi bayaninsu a amsar da ta gabata.

Mene ne laifin *My father he went to the farm*?

Wannan kuskure na fi kowanne tausayawa, don daga ingantacciyar Hausa ya fito. A Hausa ba a cewa Audu tafi, sai Audu ya tafi. Wannan ya ɗin dole ce, har masu nahawu suna kiran ta zagin aikatau, kamar zagin da ke tafe gaban dokin sarki. Ita ke ɗauke da jinsi da adadi da lokaci. Turanci ba shi da zagi. Wakilin suna a can gurbin suna yake cikewa, don haka in sunan yana nan babu wurin zamansa: ko *My father went*, ko *He went*.

Sauran abin lura game da wakilin suna kaɗan ne. Hausa ta ba kowane abu jinsi, mota mace ce, gida namiji ne, amma a Turanci duk *it* ne. *You* kuma ita kaɗai ta ɗauke kai da ke da ku, kuma *are* take ɗauka, ba *is* ba, ko da mutum ɗaya ake nufi. Bayan aikatau ko *preposition* ana amfani da *me, him, her, us, them*, shi ya sa *between you and me* ne daidai.

Me ya sa aikatau na Turanci yake yawan sauya kama?

Domin nauyin da zagi ke ɗauka a Hausa, kamar yadda aka gani a sama, a Turanci aikatau ne da mataimakansa suke ɗauka. Mu mukan ce na tafi, zan tafi, nakan tafi, tafi tana nan yadda take. Bature kuwa *go, goes, went, gone, going*. Yawancin aikatau *-ed* kawai suke ƙarawa, amma waɗanda aka fi amfani da su kullum, irin su *eat, see, take, come, write*, kowanne da tasa hanyar, kuma babu makawa sai an haddace su. *Be* ita kaɗai siffa takwas gare ta: *be, am, is, are, was, were, being, been*.

Abu uku nake yawan jan layi a ƙarƙashinsu da jan biro. Na farko, *s* ta aikatau kishiyar ta suna ce: *the boy plays*, *the boys play*. Na biyu, lokaci sau ɗaya ake nuna shi, in *did* ta ɗauka to aikatau ya koma asalinsa: *I did not go*, ba *went* ba. Na uku, jimlar Turanci ba ta tsayuwa babu aikatau. Shi malami ne, yana gida, duk sun cika a Hausa, amma a Turanci sai an kawo *is*: *he is a teacher, he is at home*. Inda muke cewa an kama ɓarawon kuma, ba tare da faɗin wanda ya kama ba, Turanci juya jimlar yake yi: *the thief was arrested*.

Ina bambancin sifar Hausa da ta Turanci?

A nan Turanci ya fi sauƙi. Mu muna cewa farin doki, farar riga, fararen dawaki, sifa tana bin jinsi da adadi. *White* kuwa ba ta motsi: *white horse, white gown, white horses*. 'Yan uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci su kula da wannan sosai, domin a can sifa tana jam'i kuma yawanci bayan suna take zuwa, a Turanci kuwa gaba take shiga.

Inda ake faɗuwa shi ne wurin da Hausa ke amfani da suna a madadin sifa. Muna cewa yana da tsawo, tana da kirki, ina jin yunwa. Na taɓa karanta insha'in wani yaro a kan mahaifinsa, rubutu mai tsabta da ƙauna a cikinsa, ya rubuta *he has tall and he has kind*. Tunaninsa daidai ne, ginin ne na Hausa. Turanci *he is tall, she is kind, I am hungry* yake so. Haka wajen kwatance: mu aikatau muke amfani da shi, Audu ya fi Bala tsawo, su kuwa sifar suke taɓawa, *taller than*. Gajeruwar sifa tana ɗaukar *-er*, doguwa tana ɗaukar *more*, ba a haɗa biyun a ce *more taller*.

Duk kalmar da ta ƙare da *-ly* bayanau ce?

A'a. Mafi yawa haka ne, *slowly, carefully, quickly*, amma *friendly, lovely, lonely, costly* sifofi ne. Akwai kuma bayanau marasa *-ly*, irin su *fast, soon, often, here, very*. Gwajin da aka bayar a amsa ta huɗu shi ne mafita: in suna take bayyanawa sifa ce, in aikatau ko sifa ko wata bayanau take bayyanawa to bayanau ce. *Good* sifa ce, *well* ita ce bayanau ɗinta: *she is a good cook, she cooks well*. A yi hattara da *hard* da *hardly*, don ma'anarsu ta yi hannun riga: *he works hard* mai ƙwazo ne, *he hardly works* kuwa da ƙyar yake taɓa aikin.

Yaya zan bambanta *in* da *on* da *at*?

Wahalar ta zo ne daga cewa "a" ɗinmu guda ɗaya tana yin aikin ukun: a Kano, a tasha, a ranar Juma'a. Ka ɗauke su kamar daga babba zuwa ƙarami. Wajen lokaci, *in* na shekara da wata, *in 2020, in June*. *On* na rana, *on Friday*. *At* na sa'a, *at five o'clock*. Wajen wuri, *in* na ƙasa da gari da cikin abu, *on* na saman abu, *at* na takamaiman matsaya, *at the gate, at the bus stop*.

Bayan wannan, gaskiyar magana ita ce yawancinsu ba su da doka, tare da abokan tafiyarsu ake koyon su: *interested in, afraid of, good at, depend on, married to*. Wasu aikatau kuma ba sa son rakiya ko kaɗan. Muna cewa mun tattauna a kan batun, sai mu rubuta *discuss about*, alhali *discuss the matter* ne. Duk sanda ka koyi sabuwar kalma, rubuta ta tare da ƙaramar kalmar da ke bin ta.

Me ya sa ba a haɗa *although* da *but* a jimla ɗaya?

A Hausa babu aibi ka ce ko da yake ya yi karatu, amma bai ci ba. A Turanci mahaɗi ɗaya ke ɗaure sassa biyu, don haka ko *Although he studied, he failed*, ko *He studied, but he failed*. Haka *because* da *so*. Ka lura kuma "da" ɗinmu tana ɗaukar ma'anar *and* da ta *with*, na farko mahaɗi, na biyu *preposition*.

Kalma mai *-ing* wane rukuni take?

Sai an ga inda ta zauna. A *she is reading* aikatau ce, tare da mataimakinta *is*. A *reading is useful* aikin suna take yi, kamar yadda karatu da tafiya da noma suke a Hausa, kuma ita ake kira *gerund*. A *an interesting story* sifa ce. In aikatau zai zo bayan *preposition* kullum mai *-ing* ke zuwa: *before eating, good at drawing*. Akwai tagwaye da ke rikita mutane: mai *-ing* shi ne abin da ya jawo halin, mai *-ed* shi ne wanda halin ya sama. *The lesson is boring*, darasin ne ya gundure ka. *I am bored*, kai ne ka gundura.

Ta yaya wannan darasi yake fitowa a jarrabawa?

Da wuya a ce maka kawo ma'anar *noun*. A ɓangaren fahimtar rubutu na WAEC da NECO akan ciro wani yanki na jimla a tambayi *grammatical name* ɗinsa da *function* ɗinsa, wato sunansa a nahawu da aikinsa. Gungun kalmomi ma aikin kalma ɗaya yake yi. In gungun yana da aikau, wato mai yin aikin, da aikatau nasa na kansa *clause* ne, in babu *phrase* ne. A *What he said surprised us*, yankin *what he said* za a iya cire shi a sa *it*, saboda haka *noun clause* ne, aikinsa *subject of the verb surprised*. A *The man who sells kola nuts is my uncle*, yankin *who sells kola nuts* mutumin yake bayyanawa, *adjectival clause* ke nan, *qualifying the noun man*. A *When the rain stopped, the farmers went out*, yankin farko amsar yaushe ce, *adverbial clause of time, modifying the verb went*. Ka ambaci ainihin kalmar da yankin ke yi wa aiki, domin ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki bayan sun sami sunan daidai.

Wuri na biyu shi ne inda ake cewa ka kawo kalmar da za ta maye gurbin wata. Dole wadda ka kawo ta zama rukuni ɗaya da ta asali, lokaci ɗaya, adadi ɗaya. In an ba ka *purchased*, amsar *bought* ce, *buy* ba za ta ci ba. Kafin ka wuce, mayar da kalmarka cikin jimlar ka karanta a zuciyarka ka ji ko ta zauna.

Wane atisaye zan riƙa yi a gida?

Ɗauki sakin layi ɗaya daga jarida ko littafin karatunku kowace rana. Fara da nemo aikatau ka ja masa layi, don shi ne ginshiƙin jimla. Sannan tambayi wa ya yi, me aka yi wa, sunaye za su fito. Abin da ya rage ka duba wa yake yi wa hidima, suna ko aikatau. In ka yi kuskure a rubutu, fassara jimlar taka zuwa Hausa kalma bayan kalma, sau da yawa nan take za ka ga inda kuskuren ya samo asali. In kana da ƙamus, duba gajerun alamomin da ke gefen kowace kalma, *n., v., adj., adv., prep.*, ka karanta misalan da ke ƙarƙashin kowace. Ga na yau ka fara da shi: nemo rukunin *after* a *we left after lunch*, da *we left after they arrived*, da *they came soon after*.